Kwamfuta ta daina buɗe manhajoji bayan shigar bairos: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin mutanen da kwamfutarsu mai aiki da Windows ta kamu da bairos, sannan aka wayi gari duk manhajar da aka danna ba ta buɗewa. An fara da bayanin abin da ya faru, sannan aka shiga matakan gyara. Umarnin da ake rubuta wa kwamfuta da saƙonnin da take nunawa an bar su yadda suke a kan allo, domin idan harafi ɗaya ya canza, umarnin ba zai yi aiki ba.

Manhajar kariya ta ce ta cire bairos ɗin, to me ya sa har yanzu babu abin da ke buɗewa?

Domin cire bairos aiki ne guda, gyara ɓarnar da ya bari kuma wani aikin ne daban. Windows tana da wani kundi da ake kira rajista, inda take ajiye ƙa'idar yadda za ta buɗe kowane irin fayil. Ƙa'idar fayilolin da sunansu ya ƙare da .exe, wato manhajoji, ita ce a tashe su kai tsaye. Wasu miyagun manhajoji sukan shiga wannan wuri su sauya ƙa'idar, ta yadda duk abin da aka danna sai ya fara bi ta hannunsu. Idan manhajar kariya ta goge fayil ɗin bairos amma ba ta mayar da ƙa'idar ba, Windows za ta ci gaba da neman abin da babu shi, sai ta tsaya. Lamarin kamar ɓarawo ne da ya shiga gida ya canza kwaɗon ƙofa: kama shi ba ya buɗe ƙofar.

Wannan dabara ta daɗe. Tsutsar SirCam, wani nau'in bairos mai yaɗa kansa, ta yi amfani da ita a shekarar 2001, bairos ɗin Neshta ma haka yake yi ta hanyar wani fayil mai suna svchost.com, sannan manhajojin kariya na bogi da suka yaɗu wajen 2010 zuwa 2012, masu sunaye irin su Win 7 Security 2012, sun mayar da ita sana'a, suna toshe komai har sai mutum ya biya kuɗin lasisin ƙarya. Abin kwantar da hankali shi ne, a irin wannan hali takardunka da hotunanka da manhajojin kansu suna nan lafiya, hanyar isa gare su ce kawai ta lalace.

Ta yaya zan gane irin ɓarnar da aka yi wa tawa kwamfutar?

Saƙon da ke fitowa shi ne jagora, don haka a karanta shi kafin a rufe. Idan kowace manhaja aka danna sai taga ta fito tana tambayar da me za a buɗe fayil ɗin, ko kuma komai ya riƙa buɗewa cikin Notepad ko wata manhaja guda, to ƙa'idar .exe ce aka sauya, kuma gyaranta yana cikin amsar da ke bayanin mayar da ita. Idan wasu manhajoji suna aiki amma manhajar kariya da Task Manager (tagar da ke nuna abubuwan da ke aiki a kwamfuta) da regedit (manhajar gyara rajista) sun ƙi, musamman tare da saƙo irin "Task Manager has been disabled by your administrator", to toshe su aka yi da gangan, kuma wannan ma yana da amsarsa a ƙasa.

Akwai alamu biyu da suka fi waɗannan muni. Na farko, manhajoji su riƙa buɗewa suna rufewa, manhajar kariya kuma tana kama ɗaruruwan fayilolin .exe da suna ɗaya, wanda ke nuna cewa cutar ta shiga jikin manhajojin ne. Na biyu, manhajoji suna buɗewa amma takardu da hotuna ne suka ƙi, an kuma ƙara wasu baƙin haruffa a ƙarshen sunayensu. Wannan aikin masu neman kuɗin fansa ne.

Mene ne abu na farko da ya kamata in yi kafin in fara gyara?

Ka raba kwamfutar da intanet, ka zare duk filashi da faifan ajiya na waje da ke jikinta, kuma kada ka sake shiga asusun banki ko imel da ita har sai an gama. Bayan haka sai ka kwashe muhimman fayilolinka. Mutane da yawa sukan tsallake wannan mataki saboda gaggawa, alhali shi kaɗai ne matakin da idan aka rasa shi ba a iya komawa baya. File Explorer yakan ci gaba da aiki ko da sauran manhajoji sun tsaya, saboda haka ana iya kwafar takardu da hotuna da bidiyo zuwa filashin da babu komai a cikinsa. Kada a kwafi fayilolin .exe ko .scr ko .vbs ko .lnk ko kaɗan. Idan Windows ta ƙi bari a yi kwafi, ana iya tashin kwamfutar daga filashin da aka ɗora wa Ubuntu, wato wani nau'in Linux da ke aiki a madadin Windows, a wata kwamfutar, a kwashe fayilolin ba tare da an tashi Windows ba.

Idan faifan kwamfutar yana kulle da BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanan da ke kan faifai, kamar yadda ake samu a sababbin kwamfutoci da yawa, a nemo lambar ceto mai alƙaluma 48 tun yanzu. Galibi tana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, kuma ana iya duba ta daga waya. Ba tare da ita ba, wasu matakan da ke gaba za su tsaya a rabin hanya.

Idan babu abin da ke buɗewa, da me zan yi gyaran?

Akwai ƙofofin da bairos ba kasafai yake tunawa da su ba. Ta farko ita ce danna Ctrl da Shift da Esc tare, wanda ke kiran Task Manager. A cikinsa a riƙe maɓallin Ctrl sannan a danna "Run new task", nan take baƙar tagar rubuta umarni, wato Command Prompt, za ta buɗe. Amfanin wannan taga shi ne, manhajar da aka kira daga cikinta tana tashi ba tare da ta bi ƙa'idar da aka lalata ba.

Idan wannan bai yiwu ba, sai a shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kawai. A Windows 10 da 11 ana riƙe Shift a danna Restart, sannan a bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, a sake danna Restart, a zaɓi lamba 6 domin a samu tagar umarni kai tsaye, ko lamba 4 domin Safe Mode na yau da kullum. A Windows 7 ana danna F8 ne a jere yayin da kwamfutar ke tashi. Akwai kuma tsohuwar dabarar canza ƙarshen sunan manhaja daga .exe zuwa .com, domin Windows tana tashin duka biyun, amma bairos ya fi mayar da hankali kan na farkon. Saboda wannan dalili ne manhajar RKill ta shafin BleepingComputer, mai tsayar da bairos ɗin da ke aiki, take zuwa da sunaye daban-daban, har da rkill.com.

Yaya ake mayar da ƙa'idar buɗe fayilolin .exe yadda take tun asali?

A buɗe tagar umarni ta ɗaya daga cikin hanyoyin da aka bayyana a amsar da ta gabata, da cikakken ikon mai kula da kwamfutar. A rubuta `assoc .exe=exefile` a danna Enter, sannan a rubuta `ftype exefile="%1" %*` a sake danna Enter. A kula da alamomin zance da tazarar da ke tsakanin `"%1"` da `%*`, domin a nan ne aka fi yin kuskure. Waɗannan umarni biyu suna gyara ƙa'idar da ta shafi kwamfutar gaba ɗaya.

Sau da yawa mutum yakan yi wannan ya ga babu abin da ya canza, sai ya ɗauka hanyar ba ta aiki. Dalilin shi ne, Windows tana ajiye ƙa'idar a wuri biyu, ɗaya na kowa da kowa, ɗaya kuma na kowane asusu shi kaɗai, kuma na asusun shi ne yake rinjaye. Manhajojin kariya na bogi sun fi son rubutu a na asusun, tunda ba ya buƙatar izini na musamman. Don haka sai a ƙara waɗannan uku, ɗaya bayan ɗaya: `reg delete HKCU\Software\Classes\.exe /f` da `reg delete HKCU\Software\Classes\exefile /f` da kuma `reg delete HKCU\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Explorer\FileExts\.exe /f`. Dole ne a yi su daga cikin asusun da ke da matsalar. Idan kwamfutar ta ce ba ta sami wurin da za ta goge ba, babu laifi, ma'anarsa ba a taɓa wannan wurin ba. Daga nan sai a kashe kwamfutar a kunna.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna inda matsalar take: a shiga da wani asusun daban. Idan manhajoji suna buɗewa a can, ɓarnar tana cikin asusun farko ne kawai, kuma wanda ba ya son taɓa rajista yana iya kwashe fayilolinsa ya koma sabon asusu. Ban ba da shawarar sauke fayilolin .reg na gyara daga kowane shafi da aka ci karo da shi ba, domin irin wannan fayil yana iya rubuta komai a cikin rajista, kuma mai neman mafita cikin gaggawa ba ya tsayawa ya karanta abin da ke ciki.

Sauran manhajoji suna aiki, amma manhajar kariya da Task Manager da regedit sun ƙi buɗewa. Me ke faruwa?

Bairos ɗin ya zaɓi kayan aikin da za a iya kama shi da su ne ya toshe. Hanya ɗaya ita ce amfani da dokokin da Windows ta tanada domin ofisoshi da makarantu, irin su DisableTaskMgr da DisableRegistryTools da DisallowRun, waɗanda ke hana mai amfani da kwamfuta taɓa wasu abubuwa. RKill yana cire irin waɗannan dokoki, manhajar kariya ta Malwarebytes ma tana gano su ta nuna su domin a gyara. Amma idan kwamfutar ta wurin aiki ce, a tambayi masu kula da ita tukuna, domin mai yiwuwa su ne suka sa dokar da gangan.

Hanya ta biyu ta fi ɓoyuwa. A cikin rajista akwai wani sashe mai suna Image File Execution Options, wanda aka yi domin masu ƙirƙirar manhaja su riƙa gwaji. Idan aka rubuta sunan wata manhaja a can aka haɗa ta da wani abu mai suna Debugger, to duk lokacin da aka kira ta, wancan abin ne zai tashi a madadinta. Manhajar Autoruns, wadda Microsoft ke bayarwa kyauta cikin kayan Sysinternals, tana nuna waɗannan a shafinta mai suna Image Hijacks, inda za a iya cire alamar da ke gaban duk wanda ba a gane ba. Kada a goge sashen gaba ɗaya, domin akwai halastattun abubuwa na Windows a cikinsa.

Na yi gyaran ya yi aiki, amma da na sake kunna kwamfutar matsalar ta dawo. Ina kuskuren yake?

Bairos ɗin yana nan da ransa, yana sake rubuta abin da aka goge duk lokacin da kwamfutar ta tashi. Tsarin da ya dace shi ne a tsayar da shi, a cire shi, sannan a gyara ɓarnar. RKill yana tsayar da shi ne kawai na ɗan lokaci, ba ya gogewa, saboda haka bayan an yi amfani da shi kada a kashe kwamfutar, a wuce kai tsaye zuwa cikakken bincike da manhajar kariya.

Bincike mafi inganci shi ne wanda ake yi alhali Windows ba ta tashi ba, domin a lokacin bairos ba shi da damar ɓuya ko kare kansa. Windows 10 da 11 suna ɗauke da Microsoft Defender Offline a cikin Windows Security, ƙarƙashin Scan options, kuma yakan ɗauki kimanin minti 15. Ana kuma iya sauke Microsoft Safety Scanner a wata kwamfutar mai lafiya a kawo shi a filashi, amma a sani cewa yana daina aiki kwana 10 bayan sauke shi. Yana da kyau a bi da manhaja ta biyu daga wani kamfanin, domin abin da ɗaya ta rasa ɗayar tana iya kamawa, sai dai kada a bar manhajojin kariya biyu suna gadi a lokaci guda.

System Restore da umarnin sfc suna da amfani a nan?

Suna da shi, amma kowanne da iyakarsa. System Restore, wanda ake kira da `rstrui.exe` daga tagar umarni, yana mayar da rajista zuwa wata ranar da ta wuce ba tare da ya taɓa takardu ba, don haka idan akwai ranar da aka ajiye kafin cutar ta shiga, yana iya warware matsalar .exe cikin mataki ɗaya. Sai dai miyagun manhajoji da yawa suna goge waɗannan ranaku, kuma ko ya yi aiki ba ya maye gurbin bincike. Shi kuwa `sfc /scannow` fayilolin Windows da suka lalace yake gyarawa, kuma daga Windows 8 zuwa sama ana fara yin `DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth` kafin shi. Wurinsu shi ne ƙarshen aiki, bayan an tabbatar an cire cutar.

Manhajar kariya tana kama kusan kowace manhaja da sunan Sality ko Virut ko Ramnit. Za a iya wanke su?

Waɗannan ba sa tsayawa a fayil guda. Sality, wanda aka fara gani a 2003, da Virut da Ramnit da suka biyo baya, suna manna kansu a jikin kowane fayil ɗin .exe da suka samu, Ramnit har shafukan HTML yake kamawa. Sality kuma yakan lalata Safe Mode ta yadda ƙoƙarin shiga cikinsa zai ƙare da shuɗin allo. Idan manhajar kariya ta zo wankewa, wasu fayilolin sukan warke, wasu ta goge su, wasu kuma su lalace har abada, shi ya sa manhajoji suke daina buɗewa bayan binciken.

Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: a kwashe takardu, a goge faifan gaba ɗaya, a ɗora sabuwar Windows. Fayil ɗaya mai cutar idan ya tsira ya isa ya mayar da hannun agogo baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a goge sashen C kaɗai a bar sashen D, inda aka tara fayilolin girka manhajoji na shekaru, sai a danna ɗaya daga cikinsu a ranar farko, cutar ta dawo kafin magariba. Duk wani .exe da ya zauna a kwamfutar, ko a filashin da aka taɓa sokawa a jikinta, a ɗauke shi a matsayin mai cuta.

Foldojin da ke cikin filashina sun koma 'yan alamomi masu kibiya. Sun ɓace ke nan?

Ba su ɓace ba, ɓoye su aka yi. Wannan cuta ta yawaita a duk inda filashi ɗaya ke yawo tsakanin kwamfutoci, kamar shagunan buga takardu da fotokwafi da ɗakunan kwamfuta na makarantu. Tana ɓoye foldojin gaskiya ta ajiye masu kama da su, duk wanda ya danna kuwa ya tashe ta. Kada a danna ko ɗaya. A kwamfuta mai lafiya, a buɗe tagar umarni a rubuta `attrib -h -r -s /s /d E:\*.*` tare da sauya E da harafin filashin, sai foldojin su bayyana. A goge fayilolin .lnk da .vbs da autorun.inf, a kwashe takardun, a yi wa filashin fomatin. Idan kwamfutar kanta ta kamu, za ta sake lalata duk filashin da aka sa mata har sai an bi matakan bincike da aka bayyana a sama.

An canza sunayen takarduna, kuma an bar saƙon neman kuɗi. Gyaran rajista zai taimaka?

Ba zai taimaka ba, domin an kulle abin da ke cikin fayilolin ne, kuma mayar da tsohon suna ba ya buɗe su. Ɗaya daga cikin bairos masu neman kuɗin fansa da suka fi addabar kwamfutocin gida shi ne dangin STOP/Djvu, da ya bayyana a 2018, yana barin saƙo mai suna _readme.txt, kuma yana zuwa ne galibi ta manhajojin da aka fasa lasisinsu. A cire cutar, a adana kwafin fayilolin da aka kulle tare da saƙon, sannan a duba shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai na Europol da na ƙasar Holan suka kafa tare da kamfanonin tsaro a 2016, inda ake samun mabuɗan wasu nau'o'in kyauta. Kamfanin Emsisoft ya fitar da na STOP/Djvu a 2019, amma ba kowane fayil yake buɗewa ba. Biyan kuɗin ba shi da tabbas, haka ma masu tallar cewa za su buɗe komai idan aka tura musu kuɗi.

Yaushe ne ya kamata in haƙura da gyara in yi wa kwamfutar fomatin?

Idan cutar mai shiga jikin manhajoji ce, ko ta dawo bayan binciken da aka yi a wajen Windows, ko kuma kwamfutar ta harkar kuɗi ce da bayanan mutane, to goge ta ya fi. Amma idan ƙa'idar .exe ce kawai ta lalace kuma bincike biyu sun fito da tsabta, fomatin asarar lokaci ce da manhajoji. Hanya mafi tsabta ita ce a haɗa filashin girka Windows mai aƙalla gigabait 8 da Media Creation Tool na Microsoft a wata kwamfutar, a tashi daga gare shi, a goge sassan faifan duka. Kwamfutar da ke da halastaccen lasisin Windows 10 ko 11 takan dawo da shi da kanta idan ta hau intanet. A tabbatar da caji ko tsayayyiyar wuta kafin a fara, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana tilasta a sake daga farko.

A kuma duba wace Windows za a mayar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025. Tsofaffin kwamfutoci na hannu da ba za su ɗauki Windows 11 ba suna iya aiki da Linux idan buƙatar ba ta wuce rubutu da intanet ba.

Bayan an gama gyara, dole ne in canza kalmomin sirrina?

Dole ne, ko da an goge kwamfutar gaba ɗaya, domin abin da aka riga aka sace ya fita. Miyagun manhajoji na yanzu da yawa suna kwashe kalmomin sirrin da aka ajiye a Chrome ko Edge ko Firefox cikin ɗan lokaci kaɗan. A yi canjin daga waya ko wata kwamfutar mai lafiya, a fara da imel tunda ta cikinsa ake sake buɗe sauran asusu, sannan banki da Facebook da makamantansu. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a kuma zaɓi fitar da asusun daga dukkan na'urorin da yake buɗe a kansu, har da WhatsApp da aka haɗa da kwamfutar. Idan an ga motsin kuɗin da ba a sani ba, a kira banki nan take a toshe katin.

Idan zan kai ta wurin mai gyara, me zan faɗa masa?

Ka gaya masa saƙon da kwamfutar ke nunawa, da sunan bairos ɗin da manhajar kariya ta ambata, da abu na ƙarshe da aka girka ko aka soka mata kafin matsalar ta fara. Ka kwashe fayilolinka da kanka idan zai yiwu, idan kuma shi zai yi, ku yi magana a fili cewa ba za a goge komai ba sai ka ga kwafin da idonka. Ka tambaye shi daga ina zai ɗauko Windows da Office da zai ɗora, domin filashin da ya zaga kwamfutoci masu yawa da manhajojin fasa lasisi suna cikin manyan hanyoyin da cutar ke shigowa tun farko, kuma akwai masu kashe Microsoft Defender domin irin waɗannan manhajoji su zauna. Kafin ka bar shagon, ka buɗe Windows Security ka tabbatar kariyar tana kunne, ka duba jerin Exclusions ka ga ba a ware wata folda daga bincike ba, sannan ka buɗe manhajoji uku ko huɗu a gabansa bayan an kashe kwamfutar an sake kunna ta.